Kayan intanet a takardun darasi: ina iyakar abin da malami zai ɗiba?

Malamin_SS2

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana shari'a da ma'aikatan laburare.

Makarantarmu sakandare ce mai zaman kanta. Hukumar makaranta ta ce kowane malami ya haɗa takardun darasin zango guda, a buga a raba wa ɗalibai su biya kuɗin bugu, a kuma ɗora PDF ɗin a zauren WhatsApp na iyaye da shafin makaranta. Ga yadda akasarinmu muke haɗawa: zane daga binciken hotuna na Google, bayani daga Wikipedia, babi ɗaya ko biyu a ɗauko da sikana daga littafin da ya yi wa yara tsada, bidiyon YouTube kuma a sauke a filash a haska a aji. Malamin Hausa ma labari uku yake so ya sa sukutum daga Magana Jari Ce, ya ce ai littafin ya tsufa, ya zama na kowa.

Kan malamai ya rabu biyu. Wasu sun ce tunda koyarwa za a yi da shi, ko nawa aka ɗiba babu laifi. Wasu sun ce in dai ka rubuta inda ka samo a ƙasa, ka fita. Wa ke da gaskiya, kuma me za mu gyara kafin a kai wa mai bugawa?

Barista_B

Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare rabin magana ya riƙe, domin laifi biyu ne daban aka cakuɗa. Ɗaya keta haƙƙin mallaka: ka kwafi aikin mutum, ko ka raba shi, ko ka fassara shi, ba da izininsa ba, kuma ba ta ƙofar da doka ta buɗe ba. Wannan shari'arsa a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Ɗayan satar basira: ka gabatar da aikin wani kamar kai ka yi. Wannan makaranta ce ke hukunta shi. Rubuta sunan marubuci yana wanke ka daga na biyun, amma bai ba ka izinin kwafi ba. Haka in marubuci ya ba ka izini a rubuce ka share sunansa ka sa naka, satar basira tana nan daram.

Dokar da ke aiki a Najeriya yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, kamar yadda yake a duk ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Bern ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, aiki yana samun kariya ne da zarar an rubuta shi ko an zana ko an naɗa. Ba sai an yi rajista ba, ba sai an sa alamar © ba. Rajistar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ke yi ta ganin dama ce, amfaninta hujja ranar rigima. Saboda haka hoton da ka gani a Google babu suna babu alama yana da mai shi. Google nuna maka inda yake kawai ya yi.

Batun Magana Jari Ce mai sauƙi ne. Ba shekarun littafi ake ƙirgawa ba, rasuwar marubuci ake dubawa. Kariyar rubutu, kiɗa da zane tana ƙarewa ne shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai aikin ya rasu. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, wato sai 2051 ta ƙare. Hoton kyamara, fim da naɗin murya nasu shekara 50 ne daga fitowarsu. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, sun daɗe da zama na kowa, amma fassarar da wani ya yi musu a wannan zamani tana da nata haƙƙin, na mai fassarar.

Ƙofar da doka ta buɗe ita ce amfani bisa adalci, a sashe na 20. Ta ƙunshi karatun mutum na kansa, binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi da nazari, kawo labarai da makamantansu. Akwai kuma wasu sassa da aka ware wa koyarwa, jarrabawa da kwafi a makarantu, amma ɗan yanki suka halatta, ba littafi ba. Abu huɗu alƙali zai auna, kuma su ne ma'aunan da ke sashe na 107 na dokar Amurka ta 1976: me aka yi da abin, wane irin aiki ne, nawa aka ɗiba kuma wane ɓangare, sannan me hakan ya yi wa kasuwar mai shi.

Mu ɗora su a kan takardunku. Sakin layi biyu daga wani labari, malami ya bi su yana nuna salon sarrafa harshe, ya faɗi littafi da marubuci: wannan lafiya lau. Labari uku sukutum babu sharhi, don kada yaro ya sayi littafin da ke kan teburin mai sayar da littattafai: ma'auni na uku da na huɗu duk sun kayar da ku. Babin da aka ɗauko da sikana ma haka. Dalilin da kuka bayar, cewa littafin ya yi tsada, a kunnen alƙali ikirari ne cewa kwafin ya maye gurbin saye. Kuma kada a dogara da maganar nan ta "kashi goma cikin ɗari halal ne" da ke yawo. Ba ta cikin ma'aunan nan huɗu, kuma ɗan yanki ma yana iya yin yawa in shi ne zuciyar aikin, kamar a ɗauke teburin amsoshi na littafin atisaye.

Abin da ya fi komai nauyi a tsarinku shi ne ɗorawa a shafin makaranta. Aji mai ɗalibi 40 daban, shafin da duniya za ta iya shiga daban. Na farko koyarwa ce, na biyu wallafawa. Dokar 2022 ta ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin ya sauke abin, kuma yana iya neman diyya da umarnin kotu. WhatsApp yana tsakiya, amma kowa ya san PDF ba ya kwana a zauren da aka sa shi.

Hajiya_Laburare

Barista ya gama da ɓangaren abin da ba a yi. Malam, yawancin abin da kuke nema akwai shi da izini a shirye, ba sai an roƙi kowa ba, in an san inda za a duba. Shi ne lasisin Creative Commons, wanda mai aiki ke liƙa wa aikinsa tun farko. Harufa huɗu za ka haddace:

BY: yi amfani da shi yadda ka so, amma ka ambaci mai shi.
SA: in ka sauya shi ka raba, naka ma ya fita da wannan lasisin.
NC: ban da neman riba.
ND: a raba shi yadda yake, kada a raba wanda aka sauya.

Daga haɗa su ne ake samun lasisi shida, sai CC0 wanda mai shi ya yafe komai.

Inda malamai ke tuntuɓe: ND da NC. Fassara sauyi ce. Takardar da ke da ND ba za ka mayar da ita Hausa ka raba ba sai da izini na daban, ko da kyauta za ka bayar. NC kuwa ba ta hana a karɓi kuɗin takarda da tawada ba, manufar ake dubawa. A Amurka kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2018, a shari'ar Great Minds da FedEx, cewa shagon fotokwafin da makaranta ta biya ya buga mata kayan NC bai karya lasisi ba. Amma in bugu ya ci naira 800 makaranta ta sayar 2,500, kuma dole kowane yaro ya saya, wannan handawut ne na kasuwa. Tunda makarantarku ta kuɗi ce, shawarata ku fi neman BY da BY-SA, ku huta da gardama.

Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin CC BY-SA 4.0, wato sigar 4.0 ta lasisin Creative Commons mai BY da SA. Za ka iya kwafa, ka gyara, ka fassara, har ka sayar, da sharaɗi uku: ka faɗi sunan maƙalar da adireshinta, ka ce ka yi sauyi, sannan ɓangaren da ka gina a kanta ya fita da BY-SA. Hotuna ku nema a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, domin ba ta karɓar NC ko ND sam. Danna hoton, ka sauka ƙasa, za ka ga sunan mai shi da lasisin. Sa hoton BY-SA a cikin takardarka ba tare da ka taɓa shi ba bai mayar da duk takardar BY-SA ba, mutane da yawa na tsoron wannan a banza.

In a Google kake nema, bayan ka rubuta abin da kake so ka shiga hotuna, danna Tools, sai Usage rights, ka zaɓi Creative Commons. Kada ka tsaya nan. Tacewar tana kuskure, kuma mutum na iya ɗora hoton da ba nasa ba ya liƙa masa lasisi. Bi hoton zuwa shafinsa na asali ka karanta da idonka. In ka ga tambarin kamfanin sayar da hotuna a kwance a jikinsa, bar shi, goge tambarin ma laifi ne na daban. Shafukan hotuna na Unsplash, Pexels da Pixabay suna da nasu lasisin, ba Creative Commons ba ne, sai a karanta. Hotunan da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka suka ɗauka a bakin aiki, irin yawancin na NASA, ba su da haƙƙin mallaka a can, amma ban da tambarin hukumar, kuma wasu hotunan da ke shafinsu na wasu hukumomi ne, za ka ga an rubuta a ƙasa.

Ambato abu huɗu ne a ƙarƙashin hoton, layi ɗaya ya isa: sunan aikin, mai shi, inda aka samo, lasisin. In ka yanke gefe ko ka mayar da sunayen sassan zane zuwa Hausa, ƙara "an sauya". "Daga Google" ko "daga intanet" ba ambato ba ne, kuma rashin ambato yana soke lasisin. Sigar 4.0 tana ba ka kwana 30 daga ranar da ka gano kuskuren ka gyara, lasisin ya dawo.

Littattafai: OpenStax na Jami'ar Rice yana da na bayoloji, kimistiri, fizik da lissafi kyauta. Siyavula ta Afirka ta Kudu tana da na lissafi da kimiyya a matakin sakandare. MIT OpenCourseWare, darussan jami'ar MIT ta Amurka, BY-NC-SA ne. Ga malamin Hausa da masu ƙananan aji, African Storybook da StoryWeaver duk suna da labarai da Hausa masu lasisin da ke ba da damar bugawa. Kowanne dai a duba shafin farko ko na ƙarshe, domin lasisi yakan bambanta daga littafi zuwa littafi a rumbu ɗaya.

Bidiyo kuma, tura adireshinsa ya fi komai tsafta. Nuna wa mutum hanyar shago daban, kwaso masa kayan shagon daban. Sharuɗɗan YouTube sun hana saukewa da manhajojin waje, sai ta maɓallin da su suka bayar, wanda ke ajiye bidiyon a cikin manhajarsu. In matsalar data ce ko rashin sabis a aji, yi amfani da wancan maɓallin tun daga gida, ko ka tace bincikenka zuwa Creative Commons, ko ka rubuta wa mai tashar. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a sauke bidiyon wani a sake ɗora shi a tashar makaranta. Content ID, tsarin YouTube na gano kayan da aka kwafa, na iya kama shi, kuma gargaɗin haƙƙin mallaka uku suna rufe tasha.

Dakta_Tsangayar_Ilimi

Ni ɗaya rabin zan taɓa, na satar basira, don shi ne ɗalibai ke gada daga hannunmu. Yaron da ya shekara shida yana karɓar handawut mai sunan malaminsa a bango, alhali cikinsa duk kwashe-kwashe ne, da wane baki za a ce masa ya kawo manazarta a kundin digirinsa? Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar zaure ma ba a kawo magana sai an jingina ta ga mai ita.

Ƙa'idar a aikace uku ce. In kalmomin mutum ka ɗauko, sa su cikin alamar zance, ka faɗi marubuci, shekara da shafi. A tsarin ambaton manazarta na APA, abin da ya kai kalma 40 ana ware shi ne a sakin layinsa, a tura shi ciki, ba alamar zance. In ra'ayinsa ka ɗauko ka faɗa da bakinka, babu alamar zance amma ambato dole. In sanannen abu ne da ke kowane littafi, kamar cewa ruwa na tafasa a digiri 100 a daidai matakin teku, ba ka bin kowa bashi.

Na tsakiyar ne ke kayar da mutane. Canja kalma uku a jimla ka bar ƙashin bayanta yadda yake kwafi ne. Yadda ake yi: karanta sakin layin har ka gane, rufe shi, rubuta abin da ka fahimta kamar kana yi wa ɗan aji bayani, sannan ka buɗe ka gwada. In jerin jimlolinka ya bi nasa sawu da sawu, sake. Kuma fassara daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ba ta mayar da abu naka ba. Wannan ya yi yawa a rubutun Hausa na intanet, saboda an san da wuya a kama.

Kada kuma a mayar da Turnitin, manhajar da ake duba kwafi da ita, alƙali. Kamanceceniya yake aunawa, ba sata ba. Aiki na iya nuna kashi 30 saboda manazarta da zantukan da aka ambata daidai, wani ya nuna kashi 4 alhali kashi huɗun nan shafi ne guda da aka ɗauke sukutum. A cire manazarta da abin da ke cikin alamar zance a saitin, sannan mutum ya zauna ya bi wuraren da aka yi wa launi ɗaya bayan ɗaya. Manazartar da ChatGPT da ire-irensa suka bayar kuma sai an nemo kowace an gan ta, domin sukan ƙirƙiro littafin da babu shi.

Tun ranar da ka fara tattara kaya buɗe tebur mai gida biyar: abin da ka ɗauka, mai shi, adireshi, lasisi ko izini, ranar da ka shiga. Ranar tana da amfani don shafuka na sauyawa ko su ɓace. Wayback Machine, rumbun da ke adana shafukan intanet, na ajiye maka hoton shafin yadda yake a ranar.

Barista, a kan babin littafi ina da ja. A Indiya, Babbar Kotun Delhi ta yanke a 2016 cewa haɗa kwafin babi-babi don ɗaliban Jami'ar Delhi yana cikin koyarwa, kuma kamfanonin buga littattafai na Oxford, Cambridge da Taylor & Francis suka janye ƙararsu a 2017. Halin ɗalibanmu ai bai fi nasu ba.

Barista_B

Haka aka yi, Dakta, Allah ya ƙara sani. Sai dai hukuncin ya tsaya ne a kan lafazin sashe na 52 na dokar Indiya, wanda bai sa iyakar adadi ga kwafin koyarwa ba. Lauya zai iya karanta wa alƙalinmu shi don jan hankali, amma bai ɗaure shi ba. A Amurka kuma akasin haka aka samu a shari'ar Kinko's ta 1991, inda shagon da ke haɗa irin waɗannan kwafe-kwafen yana sayar wa ɗalibai ya sha kaye. Makarantar kuɗi da ke karɓar kuɗin takarda ta fi kusa da wannan fiye da jami'ar gwamnati. Ba zan ba wa Malam shawarar ya zama zakaran gwajin dafi ba.

Malamin_SS2

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: akwai littafin da muka nema a kasuwa muka rasa, da alama an daina buga shi. Shi ma sai mun nemi izini? Wa za mu rubuta wa, me za mu ce?

Barista_B

Daina bugawa bai kashe haƙƙi ba, Malam, sai dai yana rage ƙarfin hujjar cewa kun ɓata kasuwa. Ga babi guda sukutum, a nemi izini. Fara da kamfanin da ya buga, sunansa na bayan shafin take, domin sau da yawa marubuci ya riga ya miƙa masa haƙƙin bugawa. In kamfanin ya rufe, sai marubucin ko magadansa. Akwai kuma REPRONIG, ƙungiyar da ke ba makarantu lasisin fotokwafi a madadin marubuta da mawallafa a Najeriya. Wannan aikin hukumar makaranta ne, ba na malami ɗaya ba. Masu koyarwa a Nijar su tuntuɓi BNDA, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasar, na Gana kuma CopyGhana, takwarar REPRONIG a can, kuma kowa ya duba dokar ƙasarsa, don wa'adi da sharuɗɗa ba ɗaya ba ne.

Wasiƙar kada ta wuce rabin shafi, a kan takarda mai tambarin makaranta. A faɗi sunan littafi, bugu na nawa, daga shafi kaza zuwa kaza. Kwafi nawa, ga wane aji, na wane zango. A takarda kawai ko har da PDF, kuma in da PDF a ina za a sa shi. Nawa ɗalibi zai biya. Za a fassara ko a'a. Izinin bugawa a takarda bai haɗa da ɗorawa a intanet ba sai an faɗa, na fassara ma haka. Doka ta yarda da izinin baki in ba na keɓewa ba ne, amma ranar musu ba ka da abin nunawa, don haka ko saƙon imel ne a ajiye. In an yi shiru ba a amsa ba, shirun ba izini ba ne.

In lokaci ya ƙure, malami ya rubuta bayanin da kansa. Doka ba ta kare ilimin da ke cikin littafi ba, yadda aka tsara shi aka faɗa ta kare. Zagayen jini a jikin mutum ba mallakin kowa ba ne: karanta littafi biyu ko uku, rubuta naka, zana naka zanen ko ka ɗauko na Commons, ka jera littattafan a manazarta. A raba PDF ɗin gida biyu kuma: wanda duk abin da ke cikinsa naku ne ko mai buɗaɗɗen lasisi ya hau shafin makaranta, mai ɗauke da guntayen littattafan mutane ya tsaya a takarda, a hannun 'yan ajin.